Wa ya kamata a ba kuɗin tallafin lafiyar ƙwaƙwalwa lokacin annoba?

Malama, kin tambaya ko ya dace masu bayar da tallafi su zuba kuɗi a ƙungiyoyin unguwa domin rage wa jama'a damuwa lokacin annoba, ko kuwa asibiti kaɗai ya cancanta. A ganina, ƙungiyoyin sun cancanci kaso mai tsoka.

Lokacin da korona ta shigo Nijar a watan Maris na 2020, an rufe masallatai da makarantu, alhali iyakar Najeriya tana rufe tun watan Agusta na 2019, kuma kowa ya san yadda kasuwancin Maradi ya dogara da hanyar Dan Isa zuwa Katsina. Damuwar mutane a lokacin ta bashi ce da rashin ciniki, kuma mai irin wannan damuwa ba ya zuwa asibiti, domin yana tsoron a ce ya taɓu.

Sai dai yana faɗa wa na kusa da shi. Ki dubi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maradi a 1991: mata suna zama bisa tabarma kowane mako, ga asusu a tsakiya, kuma idan ɗaya ta daina zubi ko ta yi shiru, kafin la'asar an leƙa gidanta. Kuɗi kaɗan suke bukata, na katin waya da sabulu da ƙarin jarin rance, sai horon da zai sa shugabar ƙungiya ta gane wadda ciwonta ya wuce lallashi.

Irin wannan kuwa, musamman mai zancen kashe kanta, dole a kai ta wurin likita, saboda haka a ware kuɗin motar kai ta tun a cikin kasafin.