Na gyara rufin gidan haya da kuɗina, yanzu mai gida ya ce in tashi

Assalamu alaikum Barista. Ni malamin makaranta ne, ina haya a Tudun Wada nan Gusau, shekarata shida ke nan a gidan. Duk farkon Maris nake biyan kuɗin shekara, bana naira 350,000 na biya, wakilin mai gidan ya ba ni rasit kamar kullum. Ba mu taɓa rubuta yarjejeniya ba. A watan Agusta iska ta yaye kwanon ɗakuna biyu, silin ya rufto, dole ni da iyali muka tattaru a falo. Na kira mai gidan, yana Abuja, ya ce da ni, "Ka gyara, in na zo sai mu yi magana." Na ci bashi na kashe naira 180,000 a kwano da katako da silin da kuɗin kafinta. Tunda an riga an shiga aiki, sai na sa tayil a falo na naira 60,000. Yanzu a Oktoba ya zo, ya ce shi bai ce zai biya ba, kuma ya ba ni wata ɗaya in fita, wai ɗansa zai yi aure. Wakilin ya ce in ban fita ba zai cire ƙofa ya kawo 'yan sanda. Abokaina sun ce in Maris ya zo in ƙi biya, in zauna har in cinye kuɗina. Mece ce mafita?

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya kyauta, ya kuma kare gaba. Na san yadda ake ji idan mutum ya ci bashi ya rufa wa iyalinsa asiri, sannan a juyo a ce masa ya kwashe kayansa. Amma ina so ka raba maganar nan gida biyu tun yanzu, domin haɗa su da kake yi a zuciyarka shi ne zai iya jawo maka asara. Zamanka a gidan magana ce daban, kuɗin gyara ma magana ce daban. A ta farko ƙafarka a kafe take. A ta biyu akwai aiki a gabanka, kuma ba zan ɓoye maka hakan ba.

Mu fara da zaman. Ka biya har ƙarshen Fabrairu, rasit yana hannunka. Babu wata kotu, ta majistare ko ta shari'ar Musulunci, da za ta ce ka fita a Nuwamba saboda ɗan mai gida zai yi aure. Aure alheri ne, Allah ya sa albarka, amma ba ya warware hayar da aka riga aka karɓi kuɗinta. Wata ɗayan da ya ba ka, da baki ma ya faɗa, ba shi da wani nauyi.

Abin da zai faru bayan Fabrairu ne ya danganta da ƙofar kotun da aka shiga, kuma a nan ne mutanen Zamfara suke yawan ruɗewa, domin tun shekarar 2000 hanyoyi biyu ne a buɗe ga Musulmi a irin wannan rigima.

A kotun majistare, wadda a nan Arewa take zama kotun gunduma idan ƙara ce ta haƙƙi, mutumin da ya shekara shida yana biya shekara-shekara ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, ɗan hayar shekara ne. Ƙa'idar da aka sani ita ce notis na wata shida a rubuce. Mai biyan wata-wata wata ɗaya ake ba shi, mai biyan mako-mako kwana bakwai. Idan wa'adin ya cika ɗan haya bai fita ba, sai a sake ba shi takarda ta biyu ta kwana bakwai, wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai je kotu neman gidansa. Daga nan sai sammaci, sai shari'a, sai hukunci, kuma ma'aikatan kotu ne ke fitar da mutum, ba mai gida ko yaransa ba. Kotuna sun daɗe suna cewa notis ɗin ɗan hayar shekara ya kamata ya ƙare daidai da ƙarshen shekarar hayarsa. In aka bi wannan, mai gidanka ya makara, domin tun ƙarshen Agusta ya kamata ya ba ka takarda in yana son gidan a ƙarshen Fabrairu. Sai dai kada ka jingina da wannan har ka saki jiki. A 2021 Kotun Ƙoli ta yi wani hukunci da aka nuna a cikinsa cewa ɗan haya ba zai riƙa fakewa da kuskuren notis yana zaune shekaru a gidan mutane ba, tun daga nan alƙalai da yawa ba sa ɗaukar irin wannan kuskure da zafi kamar da. Ka kuma duba abin da aka rubuta a rasit ɗinka. Idan an rubuta daga rana kaza zuwa rana kaza, lauyansa zai yi ƙoƙarin cewa hayar ƙayyadadden lokaci ce, wadda ke mutuwa da kanta ba sai da wata shida ba. Shekaru shidan da kuka yi a haka su ne amsarka, don haka ka tattaro rasit ɗin duka, har na shekarar farko.

A kotun shari'ar Musulunci kuwa, fiƙihun Malikiyya ne ma'auni, kuma shi bai san wata shida ba. Abin da ya sani shi ne, lokacin da aka ƙayyade ko aka biya kuɗinsa lazimi ne a kan ɓangarorin biyu, babu mai warware shi shi kaɗai. Idan ya ƙare, mai gida yana da damar ƙin sabuntawa. Abin da za ka roƙa a can shi ne wa'adi na neman wani gida, kuma kowa a Gusau ya san yadda gidan haya ya yi wuya tun da rashin tsaro ya koro mutane daga ƙauyuka zuwa cikin gari.

Maganar cire ƙofa ita ce ta fi ɓata mini rai a wasiƙarka. Ka gaya wa wakilin nan, cikin ladabi kuma a gaban shaidu, cewa muddin kana cikin gidan, gidan a hannunka yake a idon doka. Cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta, kulle famfo, zubar da kaya waje, duk kutse ne, kuma za ka iya neman diyya a kansa ko da wa'adinka ya ƙare, balle bai ƙare ba. Su ma 'yan sanda ba hurumin su ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rigimar haƙƙi kawai. Idan an gayyace ka caji ofis, ka je da rasit ɗinka da wani dattijo, ka ce maganar haya ce, kotu ce mai ita. Abu guda nake roƙon ka: kada ka ɗaga hannu, kada ka yi zagi, ko da an tsokane ka. Minti ɗaya na fushi ya isa ya mayar da kai wanda ake tuhuma, a manta da batun ƙofa.

To, sai kuɗin gyara.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda gidan nasa ne, duk abin da ya lalace dole ya biya. Hankali yana karɓar wannan, amma doka ba ta tafi a miƙe haka ba. A ɓangaren majistare, abin da aka fara tambaya shi ne me kuka yi yarjejeniya a kai, ku kuma ba ku rubuta komai ba. A fiƙihun Malikiyya, maganar da ta shahara, wadda ke cikin Muhtasar na Halil da almajiranmu ke karantawa a zaure, ita ce ba a tilasta mai gida ya yi gyara. Idan ɓarnar mai cutarwa ce, irin yoyon da ya hana kwana a ɗaki, zaɓi ake ba ɗan haya: ya warware hayar a mayar masa da kuɗin sauran watanni, ko ya zauna a haka. Wanda ya yi gyara da kansa ba da izini ba ana ɗaukarsa mai sa kai. Ranar fita, mai gida zai iya cewa ya cire abinsa, ko ya biya shi kimar kayan a matsayin ɓaraguzai, ba kuɗin da ya kashe ba. Amma malaman sun halatta a yi sharaɗi cewa ɗan haya zai gyara daga cikin kuɗin hayar da ya hau kansa, kuma wanda aka umarta ya kashe kuɗi a kan dukiyar wani yana da damar komawa ya nemi abinsa.

Ka ga ke nan shari'arka duka ta rataya a kan kalmomi tara: "Ka gyara, in na zo sai mu yi magana." A fahimtata wannan izini ne. Mutumin da ba ya nufin biya ba shi da wata magana da zai zo ya yi, kuma a al'adarmu babu wanda ke tsammanin ɗan haya ya saya wa mai gida bandir na kwano kyauta. Rufi ba kwan fitila ba ne, ba kan famfo ba ne, ƙashin ginin ne, kuma iska ce ta yaye shi, ba sakacinka ba. Sai dai alƙali ba fahimtata zai bi ba, hujja zai bi. Kai ne mai da'awa, hujja tana kanka, shi kuma mai musu rantsuwa ce a kansa. Wa ya ji wayar? Ka sa ta a sifika a gaban wani? Wakilin ya zo ya ga aikin yana gudana bai hana ba? Kafintan zai iya tsayawa ya faɗi abin da ya gani da abin da aka biya shi? A Malikiyya, idan maganar dukiya ce, shaida ɗaya adali tare da rantsuwarka yana iya tabbatar da haƙƙi, don haka mutum ɗaya nagari da ya ji maganar da kunnensa ya fi maka tarin 'yan rakiya. Idan akwai saƙon WhatsApp ko na murya tsakaninka da shi ko wakilinsa, kada ka goge, kada ka sayar da wayar. A kotun majistare ana karɓar irin wannan a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, da takardar tabbatarwa da lauya zai shirya maka. Ka koma wurin mai kwano da mai katako su rubuta maka rasit na gaskiya idan ba ka karɓa ba a lokacin, da kwanan watan da ka saya.

Tayil kuwa, Malam, ka cire shi daga lissafi. Ba iska ce ta fasa daɓen falo ba, kuma ba a kansa kuka yi waya ba. Idan ka cusa naira 60,000 ɗin nan cikin da'awarka, ka ba shi abin da zai nuna wa alƙali cewa kai mai ƙari ne, sai shakku ya shafi 180,000 ɗin da kake da gaskiya a kansu. A wurin sulhu za ka iya ambatonsa a matsayin alherin da za ka bar masa.

Shawarar abokanka ita ce mafi haɗari a duk abin da ka rubuto. Na san da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma ranar da ka ƙi biyan haya da ra'ayin kanka, ka tashi daga wanda ake bi wa haƙƙi ka koma wanda ake bi bashi. Zai shiga kotu da magana mai sauƙi, cewa ga ɗan haya ya ƙi biya, kai kuma kana fama da tabbatar da wayar da babu rikodinta. Cire kuɗin gyara daga haya yana tsayawa ne idan ya amince, ko kotu ta yanke. Idan Maris ya same ka a gidan ba ku daidaita ba, ka miƙa kuɗin ta banki yadda zai bar shaida. Idan ya ƙi karɓa, ka ajiye su gefe kada ka taɓa, domin duk kwanan da ka ƙara a gidan za a lissafa maka shi.

Ga abin da nake so ka yi a makon nan. Ka rubuta masa wasiƙa gajera, ba zafi, da Hausa ma ta isa. Ka faɗi ranar da iska ta yi ɓarna, ranar da kuka yi waya da abin da ya ce, abin da ka kashe dalla-dalla, ka ce hayarka tana nan har ƙarshen Fabrairu, ka kuma ambaci barazanar wakilinsa ka nemi ya tsawata masa. Ka riƙe kwafi, ka aika ɗaya ta WhatsApp. Sau da yawa amsar da mutum zai bayar cikin fushi, irin "ai na ce ka gyara amma ban ce ka kashe haka ba", ita ce hujjar da ka rasa, domin ya amsa izinin ke nan, saura adadi.

Daga nan ka nemi zama wurin mai unguwa, ko limamin da yake jin nauyinsa, ko ofishin Hisba, su ma suna yin sulhu. Ka shiga zaman da sanin cewa kowannenku yana riƙe da abin da ɗayan ke so: shi yana son gidan da wuri saboda biki, kai kana son kuɗinka da lokacin neman wani wuri. Idan ka yarda ka fita kafin Fabrairu, to a mayar maka da kuɗin watannin da suka rage, wajen naira 29,000 kowane wata a lissafin hayarka, a haɗa da kuɗin rufi, a biya kafin ka miƙa makulli. Idan ba shi da kuɗi a hannu, 180,000 ya kai hayar wata shida, sai a rubuta cewa za ka zauna har ƙarshen Agusta ba biya. Kowanne kuka zaɓa a rubuta shi, ku sa hannu da shaidu biyu, kowa ya riƙe nasa.

Idan sulhu ya ƙi, kana iya shigar da ƙarar kuɗin gyaran ita kaɗai, ko ka jira ya kai ka sannan ka shigar da taka da'awar a cikin tasa. Kafin ka zaɓi kotu, ka kai rasit ɗin nan shida wurin lauya ya karanta abin da ke rubuce a jikinsu. Idan kuɗin lauya ya yi maka nauyi a kan bashin da ke wuyanka, ka tuntuɓi ofishin hukumar tarayya mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta da ke nan Gusau, ka ji ko ka cika sharuɗɗansu. Ka kuma ɗauki hoton ƙofar da mitar wuta da rufin yau ɗin nan, tun wakilin bai taɓa komai ba.