Kan babur ba mazaunin waya mai tsada ba ne

Wasiƙun wannan makon duk na mahaya babur ne, daga masu hawa don neman abinci har samarin nan masu manyan babura da ke fita ayari ranar Asabar. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da babban babur mai ƙarfin 650, kuma duk ƙarshen mako mukan fita da abokai daga Kano zuwa Tiga ko Dutse. Na sayi mariƙin waya na ɗaura a kan babur, na sa mai rewaya ya jona min caja daga batir. Yau wata uku ke nan, in na buɗe kyamarar iPhone ɗina sai hoton ya riƙa rawa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa, har da wata 'yar ƙara. Ga ɗaukar zafi. Na goge komai na mayar da ita sabuwa, amma ba ta daina ba. Wace manhaja zan sauke? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanina, ko manhajojin duniya za ka sauke, wannan kyamarar ba za ta warke ba, sai dai a canja ta. Wayar da ka saya wa riga, ka manna mata gilashi, ba ka bari ko ƙaninka ya taɓa, ita ce ka ɗaure a kan ƙarfen da ke karkarwa tun daga Kano har Tiga. Wannan wasiƙa ita ce wadda ta fi yawan zuwar min daga mahaya, kuma kullum sai bayan aikin gama ya gama.

Bari in gaya maka abin da ke cikin kyamarar. A wayoyi masu tsada ba a kafe idon kyamara kam ba. An rataye shi ne a kan wasu siraran wayoyin ƙarfe da 'yan ƙananan maganaɗisu, ta yadda in hannunka ya motsa, shi ma sai ya gusa ya rama motsin, hoto ya fito tsaf. An yi shi ne don rawar hannun ɗan Adam, wadda ba ta da ƙarfi. Injin babur kuwa yana bugawa sau dubbai a minti ɗaya, kuma bugun yana bin ƙarfe ne ya hau har kan babur, ya shiga mariƙi, ya shiga waya. Awa biyu ana jijjiga abin da bai kai ƙwayar wake ba, mako bayan mako. Ƙarar da kake ji, idon ne ke kaɗawa shi kaɗai, ya kasa tsayawa.

Ba ni na ƙago wannan ba. A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple da kansa ya fitar da gargaɗi cewa kada a ɗaura iPhone a kan babura masu manyan injina, saboda jijjigarsu na lalata na'urar daidaita hoto da ta saita gani. Ko a kan ƙananan babura ma ya ce a sa mariƙi mai shanye jijjiga, kuma kada a mayar da abin ɗabi'ar kullum. Don haka masu Boxer da Jincheng da Haojue, kada ku ce wannan ta 'yan gayu ce. Abin da injinku ya rage, gargada da ramukan hanya za su cike muku. Masu Samsung da sauran wayoyin Android masu irin wannan kyamarar, ku ma jirgi ɗaya ya kwaso ku.

Sai zafi. Apple ya ce ana so waya ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. A Kano, cikin watan Afrilu, ana wuce 40 a inuwa. Kai kuma ka kafa ta a tsakar rana, taswira a kunne, hasken allo a ƙure, caji na shiga. Wasu har cikin jakar roba mai zif suke rufe ta, wai don ƙura. Wannan ai gashi ne. Batirin waya ba abin da ke tsufar da shi kamar caji cikin zafi, daga nan sai kumburi, ka ga bayan waya ya ɗago.

Cajar da aka jona maka ita ma ka koma a duba ta. Batirin babur bolt 12 ne, in inji na aiki yakan kai wajen 14, waya kuwa 5 take karɓa a cajin yau da kullum. Ɗan akwatin da ke rage wutar shi ne mai gadin wayarka, kuma wanda ake sayarwa a tire bakin titi ba mai gadi ba ne. A tabbatar an sa fiyus. A tabbatar kuma an ɗauko wutar daga layin da makulli ke kunnawa, ba daga bakin batir kai tsaye ba, in ba haka ba tana iya ta tsotsar wuta kana barci, da safe ka fito kana tura 650 a cikin layi yara na yi maka kallo.

Abin da nake yi, kuma nake roƙon kowane mahayi ya yi, shi ne a raba aiki. Nemo tsohuwar waya mai araha, ko da fasasshen allo ce, ka sa mata taswira ka ɗaura a kan babur. In ta mutu ba ka yi asarar komai ba, in an fizge ta a danja ba a tafi da manhajar bankinka ba. Babbar wayarka ta zauna a aljihun riga na ciki mai zif, jikinka ya shanye mata jijjiga. In kuma ka dage sai ka ɗaura ta, to sayi mariƙi mai robar shanye jijjiga, ka sani ragewa yake yi, ba ya hanawa gaba ɗaya.

Tambaya: Malam, duk sanda na bi dajin Falgore zan tafi Jos sai sabis ya ɗauke, taswirar Google ta zama fari fat. Ina mafita? (Mai karatu daga Tudun Wada)

Amsa: Ɗan'uwa, sauke taswirar yankin tun kana gida, ta wurin taswirar da ba ta buƙatar intanet. GPS daga tauraron ɗan Adam yake zuwa, ba ruwansa da data. In kana da sabis kuma, taɓa alamar babur maimakon ta mota, tun 2019 Google ya kawo ta Najeriya. Kafin ka shiga dajin, tura wa na gida wurin da kake kai tsaye ta WhatsApp, ka zaɓi na awa 8. Ko sabis ya yanke, za su san inda aka gan ka a ƙarshe. Ni ba na tafiya mai nisa ban yi wannan ba.

Tambaya: Ruwan sama ya dake ni a kan kabu-kabu, waya ta jiƙe a aljihu. Na binne ta cikin buhun shinkafa kwana biyu. In kunna? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Malam, ciro ta ka bar wa uwargida shinkafarta ta yi tuwo. Shinkafa ba ta janyo ruwan da ya shige ciki, garinta ma toshe ramin caji yake yi. Kada ka jona caji. Kai ta wajen mai gyara ya buɗe ya busar tun kafin tsatsa ta kama. Damina mai zuwa, ledar burodi ta ishe ka.

Tambaya: Yaya Injiniya, ina da babura uku da na ba yara suna aiki suna kawo min balas. An sace na maƙwabcina. Tiraka zan sa ko AirTag? (Wata Hajiya daga Gombe)

Amsa: Hajiya, tiraka, wato na'urar bin sawun babur, mai layin waya. AirTag, ɗan maɓallin Apple na neman kayan da suka ɓata, ba shi da GPS, yana dogara ne da iPhone ɗin mutanen da ke wucewa kusa da shi, kuma ɓarawo ba unguwar masu iPhone zai kai babur ba. Ƙari a kan haka, an yi shi ne ya sanar da wanda yake bi, har ƙara yake yi, kin ga ya tona kansa.

Inda mutane ke faɗuwa da tiraka shi ne layin. A sa shi a manta, data ta ƙare, ko a rufe layin don ba a haɗa shi da NIN ba, sai ranar da aka sace babur a gano tirakar ta yi wata biyar ba ta numfashi. Ki ware rana ɗaya kowane wata ki buɗe manhajar ki ga baburan uku suna motsi. Ki canja lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. Kada a ɓoye ta ƙarƙashin kujera, nan ɓarawo ke fara dubawa. In kuma an sa mai kashe inji daga nesa, kada a kashe sai an ga babur a tsaye, don rai ne a kai. In ta nuna miki inda yake, 'yan sanda za ki ɗauka, ba yaran gida ba.

Tambaya: Kyamarar da na ɗaura a hular kwano tana yanke bidiyo bayan minti kaɗan ta ce akwai matsala a kati. Memorin 128GB ne, kuma na same shi da araha sosai. (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Arahar ce amsarka. Sa shi a kwamfuta ka gwada da manhajar H2testw, zai faɗa maka ainihin cikinsa. Ka sayi mai alamar V30 ko U3, alamar saurin kati, a shagon da za ka iya komawa.

Tambaya: Wace irin iyafis ce ta fi kashe ƙarar waje? Ina so in riƙa jin waƙa da amsa kira a kan hanya, iska na damuna. (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Ƙanina, wannan kam ba zan zaɓa maka ba. Ƙarar da kake son kashewa a cikinta hon ɗin tirela yake. Mai mota yana da madubi uku da ƙarfe kewaye da shi, kai kunnenka ne rabin madubinka. In dole ne, akwai 'yan lasifika na Bluetooth da ake mannawa a cikin hular kwano, ba sa toshe ramin kunne, su ishe ka jin muryar taswira. Amsa kira kuwa, a gudun kilomita 60 a awa, daƙiƙa biyu da ka sunkuya duba mai kira ka riga ka ci mita 33 ba ka ga hanya ba. Sauka gefen titi ka tsaya, ka amsa, sannan ka ci gaba. Yau da daddare kuma ka shiga bayanan gaggawa na wayarka, ka rubuta rukunin jininka da lambar mutum biyu na gida, yadda wanda ya tsince ka zai iya gani ba sai ya buɗe makullin waya ba.