Tambaya da Amsa: Sirdin sabon keken tsere ya hana ni zama

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Jidda ne. Wata guda ke nan da na sayi keken tsere sabo fil, ina hawa a Kornish, titin bakin teku, bayan sallar asuba. Da na yi kamar minti 40 sai zama ya gagara, wani lokacin har tsakanin cinyoyina ya sage. Abokai sun ce in ɗora wa sirdin riga mai soso, ko in sa masa faffaɗan sirdi irin na keken kai saƙo. Me kuka gani? (Mai karatu daga Jidda)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya kiyaye hanya. Rigar soson nan bar ta a shago. Ƙasusuwan zama guda biyu, waɗanda kake ji idan ka zauna a kan benci, su ne ya kamata su ɗauki nauyinka. Idan sirdi ya cika laushi sai su nutse, soson ya taso tsakani ya danne jijiyoyin da ke kai jini da ji zuwa gaba. Daga nan sagewar take. Faffaɗan sirdi kuwa an yi shi ne don mai zama a miƙe. A keken da ake sunkuyawa gogar cinya zai yi ta yi har fata ta saluɓe.

Fara da awo. Samo kwali mai kauri, irin na katon ɗin ruwa, ka ɗora a matakalar bene, ka zauna a kai da wando mara kauri. Sunkuya gaba kaɗan kamar kana riƙe da kan keke, ka ɗan ɗaga ƙafafu na wasu daƙiƙoƙi. Idan ka tashi za ka ga lotsawa biyu. Sa ɗigo a tsakiyar kowacce, ka auna tsakaninsu. Galibin manya suna faɗawa tsakanin milimita 100 da 140. Ƙara kamar milimita 20 a kan abin da ka samu, faɗin sirdin da za ka nema ke nan. Mai 120 zai nemi na 140 ko kusa da shi, mai 135 kuma na 155. Sau da yawa sirdin da keke ke zuwa da shi daga kamfani siriri ne, ba da awon kowa aka ɗora shi ba.

Amma kada ka yi saurin kashe riyal. A ganinmu, mafi yawan sirdin da ake zagi ba su da laifi, ɗaurinsu ne bai yi daidai ba. Cire takalmi, ka jingina da bango, ka matse littafi tsakanin cinyoyinka ka tura shi sama sosai, wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Ninka adadin da 0.883. Wannan lissafi an fi saninsa da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar tseren keke ta Tour de France a 1986, 1989 da 1990. Idan awonka santimita 82 ne, za ka samu 72.4: tazara ke nan daga tsakiyar gindin feda, wato inda hannayen feda biyu suka haɗu a jikin keke, zuwa saman sirdi, bin sandar sirdin. Mafari ne kawai. Gwada shi da dunduniya a kan feda: idan fedar ta kai can ƙasa, ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkace ba. Mai biye da kai idan ya ga ƙugunka yana rangaji dama da hagu, sirdi ya yi sama, kuma wannan gogar ce ke cin fata. Ciwo a gaban gwiwa yakan nuna ya yi ƙasa, a bayan gwiwa kuma ya yi sama.

Sai kwanciyarsa. Ɗora katako a kan sirdin, ka sa ma'aunin magina ko na cikin waya. Ya kwanta daidai, ko hancin ya sunkuya digiri ɗaya zuwa biyu. Hanci sama shi ke danne gaba. Idan kuma ya sunkuya da yawa za ka riƙa zamewa, nauyi ya koma tafin hannu da kafaɗa. Gyara abu ɗaya a lokaci ɗaya, milimita 3 zuwa 5, ka yi hawa biyu ko uku kafin ka sake taɓawa, ka kuma liƙa salatif a sandar don kada ka ɓata wurin farko. Wajen ɗaure noti duba lambar da aka rubuta kusa da shi, yawanci Nm 5 ko 6 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Sandar kabon tsagewa take idan aka yi mata ɗaurin bakanike. Layin da ke jikin sandar, mai nuna iyakar ɗaga ta, kuma kada ya fito waje.

Tsamin ƙashin zama na makonni biyu ko uku na farko yana wucewa da sabo. Sagewa ba a saba da ita. Miƙe a kan feda duk bayan minti goma, kuma idan ta ci gaba bayan gyaran nan, nemi sirdi mai rami a tsakiya. Idan tana daɗewa bayan ka sauka, je ka ga likita.

Tambaya: Ɗana tsawonsa santimita 170, mai shago kuma keke mai girma lamba 56 ne ya rage masa, ya ce a sauke sirdi kawai. In saya? (Wata uwa daga Madina)

Amsa: Hajiya, a haƙura a nemi 52 ko 54, a kuma duba jadawalin kamfanin, don awonsu yana bambanta. Sauke sirdi ba ya rage nisan hannu. Yaron zai riƙa miƙa jiki, ya zame zuwa hancin sirdi, wuya da baya su ɗauki ciwo. Idan ya tsaya da keken tsakanin ƙafafunsa, a samu sararin yatsu biyu tsakaninsa da ƙarfen sama.

Tambaya: Ƙuraje ne ke fito mini a wurin zama da bazara, kuma ina jin nauyin sa matsattsen wandon 'yan tsere. (Mai karatu daga Makka)

Amsa: Ɗan'uwa, gumi ne da gogar ɗinki. Sa wandon mai ƙullin soso a ciki, ba tare da kamfai ba, don ɗinkin kamfai ne ke yanka fata, sannan ka ɗora sakakken wando a kai, ka ɗaure bakin ƙafar dama kada sarƙa ta kama. Da ka dawo cire shi, ka yi wanka, a wanke shi kafin hawa na gaba. Rage iskar taya ma yana sauƙaƙa jijjiga: mai nauyin kilo 70 a kan taya milimita 28, iska 70 zuwa 80 a ma'aunin famfo (layin da aka rubuta psi) ta wadatar. Ƙurjin da ya kumbura ko ya tara ruwa kada ka matse shi. Jingine keken har ya warke, idan ya ƙi kuma a kai shi asibiti.