Ta ina zan fara tsara ajin yara masu buƙata ta musamman?

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce an ba ki aji mai kurame biyu, makaho ɗaya da yarinya mai keken guragu, kin rasa ta inda za ki kama.

Fara da wurin zama. Jera bencina kamar rabin da'ira domin kuramen su ga hannun kowa da bakinsa. Kada ki tsaya taga na bayanki, haske zai duhunta fuskarki, su kasa karanta leɓenki. Bar hanya mai faɗin santimita 90 saboda keken.

Makahon nan kuwa, da ƙafa da hannu ya haddace ajin. Kika matsar da kwandon shara ba ki faɗa masa ba, kin sa masa tarko. Komai ya zauna inda yake. Kwalin alli, ki manna guntun alli a jikin kwalin, makahon ya shafa ya gane.

Jadawali ki yi shi da hotuna: tabarma, littafi, kofi, buta. In an gama abu, yaro ya cire hoton da kansa. Darasi mai nauyi da safe, gajere, kuma ki sanar da su minti 5 kafin a canza aiki.