Mitarmu tana shanye kati: shin tamostat mai agogo zai rage mana kuɗin wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Tun da aka mayar da layinmu Band A, rukunin da ya fi tsadar kuɗin wuta, katin dubu hamsin ba ya kai mu mako uku. Esi biyu gare mu, ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin yara, kullum a digiri 16 muke barinsu. Ƙanina da ke Amurka ya ce zai aiko min da tamostat mai agogo, na'urar da ke kunna esi da kashe shi gwargwadon zafin ɗaki da lokacin da aka saita, wai shi ya rage masa kuɗin wuta. Zai yi aiki a nan? Maigida ya ce in abin ya ci gaba zai hana kunna esin gaba ɗaya, ga bazara ta kama, yara ba sa barci sai da sanyi. Wata uwargida daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ba sai an kai ga hana yara sanyi ba. Ki gaya wa ƙaninki kada ya wahalar da kansa. Tamostat ɗin da ake liƙawa a bango a Amurka an yi shi ne don gidan da na'ura ɗaya ke rarraba sanyi da ɗumi zuwa kowane ɗaki ta bututu. Irin esinmu na bango ba shi da inda za a jona shi, kuma ba ya bukata, domin da nasa tamostat ɗin a ciki, agogon kuma yana kan rimot ɗin da ke hannunki.

Damuwata ita ce wannan 16 da kika ambata. Kusan duk gidan da na shiga ita nake tararwa, kuma duk wanda na tambaya amsa ɗaya ce: wai don ɗaki ya yi saurin sanyi. Hajiya, lambar rimot ba totur ba ce. Umarni ne kike ba kwamfireso, wato injin da ke samar da sanyin, cewa in ɗaki ya kai kaza ka tsaya ka huta. Esin da ba inbata ba, wato wanda kwamfiresonsa ba ya iya rage gudu ko ƙarawa, ƙarfinsa ɗaya ne, ko a 16 kika sa shi ko a 25 iska iri ɗaya zai huro, minti nawa zai ɗauka kafin gumi ya bushe bai canja ba. To a watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga kwanon rufi ya sha rana tun safe, yaushe ɗaki zai sauko 16? Ba zai sauko ba. Kin ba kwamfireso aikin da ba shi da ƙarshe ke nan, sai ya kwana yana gudu, mita tana bin sa. Mai inbata ma haka, amfaninsa shi ne ya rage gudu in ya kusa lambar da aka ba shi. In lambar ba ta kamuwa, kuɗin da aka ƙara wajen sayensa ya tafi a banza.

Mu yi lissafi. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan sama da yunit ɗaya a awa in bai tsaya ba. Awa goma, yunit goma sha ɗaya ko sha biyu. Tun Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, ko da aka ɗan rage daga baya bai sauko ƙasa da 200 ba. Dare ɗaya ya haura naira dubu biyu a esi guda. Ke kuma biyu gare ki.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu gyaran da ke cin abinci da wannan rashin sani. Mutum zai kira su ya ce esinsa yana yankewa, alhali yankewar nan ita ce lafiyarsa. Maimakon su yi masa bayani, sai su zare sensa mai auna zafin ɗaki ko su haɗa kwamfireso kai tsaye, su karɓi kuɗi, mai gida yana godiya wai yanzu sanyi ba ya tsayawa. Ba da jimawa ba ƙanƙara ta toshe bututun ciki, ruwa ya fara ɗiga a bango, kwamfireso ya ƙone. In aka yi rashin sa'a wayar gidan siririya ce, ga wuta ta zo da rauni, soket ya narke cikin dare yara suna barci. Na sha cire irin wannan haɗin da hannuna. Duk wanda ya ce zai cire miki tamostat don sanyi ya ƙaru, ki sallame shi tun daga bakin ƙofa.

A Indiya tun 2020 aka wajabta wa kamfanoni su fito da sabon esi a saite kan 24, kuma hukumarsu ta tsimin makamashi ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ɗaga yana rage wuta da kusan kashi shida cikin ɗari.

Daren yau ki sa ɗakin yara a 25, ki kunna fankar sama, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na abin da esi ke ja ba. Ki danna maɓallin barci, mai hoton wata: shi zai riƙa ɗaga lambar kaɗan-kaɗan yayin da dare ke yin sanyi. Ki saita agogon ya kashe shi kafin asuba. Na falo kuma a kashe shi da zarar an watse, a wanke ragarsa duk mako biyu saboda ƙurarmu. Ki rubuta yunit ɗin mita da daddare da safe, kwana uku a 16, kwana uku a 25, ki nuna wa maigida takardar.