'Yata ta ƙi komawa makarantar kwana: ciwo ne ko shagwaɓa?

Tambaya: Likita, 'yata shekararta 14, tana aji uku na ƙaramar sakandare a makarantar kwana. Da hutu ya kusa ƙarewa sai ciwon kai da ciwon ciki su taso mata, ta daina cin abinci, ga kuka ba gaira ba dalili. An yi gwajin maleriya da taifod, ba a ga komai ba. Kakarta ta ce iska ce, babanta ya ce shagwaɓa ce. Ni kuwa na rasa wanda zan kama. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya. Ciwon da take faɗa na gaske ne, ba ƙarya take yi ba. Fargaba idan ta yi wa yaro yawa, a ciki da kai take fitowa, domin yaro bai iya cewa "ina cikin damuwa" ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba da ciwon damuwa na cikin waɗanda aka fi samu.

Abin da ya ja hankalina a wasiƙarki shi ne lokacin da ciwon ke tashi. Ciwon da ke jiran ranar komawa, a makaranta za a nemo tushensa. Sau da yawa siniyoyi ne: aike, wanki, ƙwace kayan kwabarta, duka bayan an kashe fitila. Wani lokaci fitsarin kwance ne ake mata dariya a kai, ko tsoron jarrabawar ƙarshen aji uku, ko wani babba da ke taɓa ta yadda bai dace ba. Wannan na ƙarshen iyaye ba sa son jin sa, amma dole a tambaya.

Kada ki titsiye ta a gaban babanta. Ki bari sai kuna tsintar shinkafa ku biyu, ki ce, "Wane lokaci ne ya fi miki wuya a makaranta?" Sai ki yi shiru. Idan ta fara magana, ban da salati da faɗa, don da ta ga hankalinki ya tashi za ta rufe baki.

Daga nan ki je makarantar da ƙafarki. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malamin ba da shawara a sakandare, ko da yake a wurare da dama an jibga masa darasi har ba ya samun zama da ɗalibai. Ki neme shi, ki haɗa da uwar ɗakin kwanansu da malamin ajinsu. Ki fito da buƙata ƙarara: a sauya mata ɗaki, a ba ta malama ɗaya da za ta riƙa zuwa wurinta, a bar ta ta kira gida duk mako.

Addu'ar kaka a ci gaba da ita, ba ta hana ganin likita. Amma idan ƙuncin ya wuce mako biyu har a gida, ko tana ramewa, ku kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Idan kuwa ta taɓa cewa gara ta mutu, a ranar za ku tafi, kuma ki kawar da magunguna da fiya-fiya daga inda hannunta zai kai.