Fayil ɗin CAD ba shi da bit 32 ko 64, ga inda matsalar take

Wa'alaikumus salam Malam. In na fahimci tambayarka, ka gama zanen wani babban fili a manhajar zanen injiniya (CAD) ta AutoCAD 2023 a kan Windows mai bit 64, fayil ɗin ya kusa megabait 600, ka tura wa abokan aikinka biyu. Mai tsohuwar kwamfuta ta bit 32 da AutoCAD 2016 ya ce ko buɗewa ba ya yi. Mai MacBook mai furosesar M2 shi ya buɗe, amma rubutu ya hargitse, wasu sassan zanen kuma babu su. Kana neman manhajar da za ta mayar da fayil daga bit 64 zuwa 32.

Ka huta da neman wannan manhajar, don babu ita, kuma ba ka buƙatarta. Fayil ɗin DWG, wato irin fayil ɗin da AutoCAD yake adana zane a ciki, ba ya ɗauke da wani bit 32 ko 64 a jikinsa. In siga ɗaya ce ta AutoCAD, abin da mai bit 32 zai adana da abin da mai bit 64 zai adana tsarinsu ɗaya. Na daɗe ina karɓar zane daga hannun mutane masu kwamfutoci iri-iri, kuma kusan duk lokacin da aka ɗora wa tsarin kwamfuta laifi, in aka bi diddigi sai a tarar ba a nan gizo yake saƙar ba. Abokanka biyu ma ba ciwo ɗaya ke damunsu ba, don haka maganinsu daban.

Mu fara da mai AutoCAD 2016. Shi bango biyu ne a gabansa, kuma ko na farkon bai tsallake ba tukuna. Kamfanin Autodesk yana sauya tsarin DWG lokaci zuwa lokaci: an sauya a 2000, 2004, 2007, 2010, 2013, sai 2018. AutoCAD 2023 ɗinka da tsarin 2018 yake adanawa, shi kuwa na 2016 iyakar saninsa tsarin 2013. Sabo yana karanta tsoho, tsoho ba ya karanta sabo. Ko kwamfutarsa ta fi taka ƙarfi ninkin-ba-ninkin, ba zai buɗe ba. In kana son tabbatarwa da idonka, haruffa shida na farkon kowane DWG suna faɗin tsarinsa. A Windows ka buɗe cmd ka rubuta more sai sunan fayil ɗin, a Mac kuma ka buɗe Terminal ka rubuta head -c 6 sai sunan. In ka ga AC1032, tsarin 2018 ne. AC1027 na 2013 ne, AC1024 na 2010, AC1021 na 2007. Kada dai ka ce za ka buɗe fayil mai wannan girma a Notepad, zai daskare maka. Maganin wannan mai sauƙi ne: ka yi SAVEAS ka zaɓi tsarin 2013, ko shi da kansa ya juya da DWG TrueView, wadda kyauta ce, ko ODA File Converter. Amma ka riƙe naka na asali a tsarin 2018, kwafi kawai za ka saukar.

Bango na biyu shi ne inda maganar bit 32 take da gaskiya, kuma a nan zan ɗan tsaya. Manhaja mai bit 32 ba za ta iya ganin RAM fiye da gigabait 4 ba ko da an cika kwamfutar da shi, kuma a Windows mai bit 32 abin da ake ba kowace manhaja gigabait 2 ne, sai in an taɓa saitin tayar da kwamfuta a kai shi 3. Za ka ce ai fayil ɗin megabait 600 ne kawai, ina ya kai gigabait 2? Abin da mutane ke mantawa shi ne tun tsarin 2004 DWG a matse ake adana shi. Kamar auduga ce da aka danne a buhu: a faifai ƙarama, da an kwance bakin sai ta cika ɗaki. AutoCAD zai warware shi, ya gina abin da zai nuna a allo, ya ware wurin UNDO, ya ɗauko hotuna da zanukan da aka jingina. Na taɓa zama gefen wani ina kallon Task Manager yayin da yake buɗe zanen safiyo mai ɗauke da layukan tudu da kwari. Lambar RAM tana hawa a hankali, sandar buɗewa ta wuce rabi, da ta doshi gigabait 2 sai allo ya yi fari, AutoCAD ya rufe kansa. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, wuri ne ya ƙare. In abokinka ya ga irin wannan bayan ka saukar masa da tsarin, to ya iso bango na biyu ke nan.

Kamfanonin ma sun daɗe da yin bankwana da bit 32. Revit da SolidWorks sun bar shi tun sigar 2015, AutoCAD 2019 ne na ƙarshe mai bit 32, Windows 11 kuwa ba ta da shi sam. Ya duba bayanan kwamfutarsa a Settings, wajen About. In ya ga Windows ɗin bit 32 ce amma furosesar x64 ce, wanda hakan ya yi yawa a kwamfutocin da aka yi daga 2006 zuwa sama, to injin zai ɗauki Windows mai bit 64. Sai dai sabon ɗorawa ne daga tushe, ya kwashe kayansa kafin nan, ya kuma ƙara RAM.

In hakan ba zai yiwu yanzu ba, nauyin ya dawo kanka, ka rage wa zanen ƙiba. Ni a ganina DWG mai megabait 600 ko a kwamfuta mai ƙarfi ma alama ce ta akwai tarkace a ciki. Ka yi AUDIT ka bari ya gyara kurakurai. Ka yi PURGE, ka maimaita har ya daina samun abin sharewa. Sannan ka rubuta -PURGE da ɗan layin a gaba ka zaɓi Regapps, domin waɗannan su ne dattin da ke bin zane daga fayil zuwa fayil duk lokacin da aka kwafo wani abu. Ka buɗe SCALELISTEDIT ka mayar da jerin sikeli yadda yake tun farko. OVERKILL zai cire layukan da suka hau kan juna. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne WBLOCK: ka zaɓi abin da kake gani da ido kawai ka fitar da shi sabon fayil, ragowar ya tsaya a tsohon. Na ga zanen da ya koma ƙasa da rabin girmansa ta haka, ba tare da layi ɗaya na aiki ya ɓace ba.

Bayan haka ka rarraba shi. Safiyo fayil ɗinsa daban, hanyoyi daban, magudanan ruwa daban, gine-gine daban, sai a haɗa su da XREF, wato jingina wani zane a cikin wani ba tare da an kwafo shi ciki ba. Wanda aikinsa magudana ne ba sai ya ɗauki dukan gari a RAM ɗinsa ba. Ka sa INDEXCTL a 3 kafin ka adana, shi kuma ya sa XLOADCTL a 2, sai AutoCAD ya riƙa ɗauko abin da ake buƙata kaɗai. Wani gargaɗi kuma: kada ka ce bari ka sauka can ƙasa zuwa tsarin 2007 ko 2004 don kowa ya buɗe. Tsarin 2007 da waɗanda suka riga shi ba sa ɗaukar abu guda da ya wuce megabait 256, a 2010 aka cire wannan iyakar. In kana da babban HATCH, wato zanen cike fili, ko shimfiɗar ƙasa mai ɗigo da yawa, a nan za ka makale.

Sai mai Mac. Mutane da yawa suna jin an ce M1 da M2 tsarin ARM ne ba na Intel ba, sai su ɗauka fayil ne ba ya jituwa da furosesar. A'a. Apple ta fara wannan furosesa a 2020, AutoCAD na Mac ya yi aiki a kanta ta hanyar Rosetta 2, mai fassara mata manhajojin da aka gina don Intel, daga sigar 2024 kuma yana gudana kai tsaye. DWG ɗin da yake karantawa shi ne dai naka. Abin da ya ɓace masa ba a cikin fayil ɗin yake ba tun farko, a kwamfutarka ka baro shi. DWG ba ya haɗiye salon haruffa, sunansu kawai yake riƙewa. In ka yi amfani da wani fayil ɗin haruffa na SHX ko TTF da babu shi a wurinsa, AutoCAD zai musanya da simplex.shx, sai rubutu ya fita daga akwatinsa, alamomi su koma alamar tambaya. Haka zanukan XREF da hotuna: in adireshinsu cikakke ne, irin mai farawa da C:\, Mac ba ta san wannan hanya ba. Ka mayar da adireshin ya zama daga foldar aikin yake farawa, ka ajiye komai a uwar folda ɗaya. Kuma daga yau kada ka sake tura DWG tsirara. Ka rubuta ETRANSMIT, zai tattaro zanen da XREF da hotuna da haruffa da fayil ɗin kaurin layi na CTB ya ɗaure su a zip guda, har ma zai iya saukar da tsarin zuwa 2013 a lokaci ɗaya.

Akwai wuri guda da tsarin kwamfuta yake cizo da gaske, shi ne ƙananan manhajojin da ake ɗora wa AutoCAD. In ka yi zanen a Civil 3D, manhajar Autodesk ta zanen hanyoyi da magudanai, ko ka yi amfani da wata ƙarin manhaja, abubuwan da ta ƙirƙira ba layukan AutoCAD zalla ba ne. Mai buɗewa yana buƙatar abin da ake kira Object Enabler, shi kuwa wannan an gina shi ne don siga takamaimai da tsari takamaimai: na bit 64 ba ya hawa bit 32, na Windows ba ya hawa Mac. Civil 3D kanta babu ta a Mac. In babu Object Enabler ɗin, sai mutum ya ga akwatuna wayam a inda ya kamata ya ga hanya ko bututu. Ina kyautata zaton wannan ne ya cinye wasu sassan da abokinka ya rasa. Ka sa PROXYGRAPHICS a 1 kafin ka adana don aƙalla surar abin ta bi fayil ɗin, ko ka fitar masa da kwafi ta EXPORTTOAUTOCAD, wanda zai mayar da komai layuka na yau da kullum. Teburin Excel da aka manna a zane ta OLE shi ma fasahar Windows ce, kada ka dogara da shi a Mac, ka mayar da shi teburin AutoCAD.

Hanyar turawa ma tana ɓata fayil. Filasha mai tsarin FAT32 ba ta ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, Mac kuma tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai, don haka exFAT ne zai yi muku ku duka. Gmail ba ya wuce megabait 25. In intanet ta yanke ana tsakar saukewa, fayil zai iya zuwa da sunansa daidai amma gutsure. Ka fitar da lambar SHA-256 ta zip ɗin, wato lambar da ke sauyawa in fayil ya sauya ko kaɗan, da certutil -hashfile sai sunan zip ɗin sai SHA256 a Windows, shi ya fitar da tasa da shasum -a 256 a Mac, ku gwada. In sun bambanta ko da harafi ɗaya, a sake turawa, kada a ɓata lokaci da RECOVER, umarnin gyara fayil ɗin da ya lalace. Sunayen folda su zama gajeru, don Windows ta saba tsayawa a haruffa 260 na cikakken adireshi, kuma a guji haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ da ɗ a sunan fayil, tsofaffin manhajojin zip kan dagula su, XREF ya ɓace.

Tunda wasu a nan aikin 3D suke yi, bari in ƙara wannan a taƙaice. Revit ba ya adanawa zuwa tsohuwar siga ko kaɗan, sai dai a fita ta IFC, tsarin fayil na bai-ɗaya don zanen gine-gine. Tsakanin manhajoji daban kuwa, bambancin yana cikin injin lissafin siffa: SolidWorks da NX da Solid Edge suna kan Parasolid, Inventor yana kan ShapeManager, FreeCAD yana kan Open CASCADE. Cikin tsare-tsaren fayil na musaya, STEP ya fi aminci, musamman nau'insa AP242 ko AP214, duk da tarihin yadda aka gina siffar ba ya bin sa. IGES tun 1996 ba a sabunta shi ba, STL kuwa ko ma'auni ba ya ɗauka, shi ya sa abu kan zo ya ninka ko ya ragu sau 25.4 tsakanin inci da milimita. A DWG ma ku duba INSUNITS, wato saitin ma'auni, ya zama ɗaya a wurin kowa.

Shawarata ta gaskiya, ku ukun ku zauna ku tsayar da magana kafin aiki ya ƙara nisa: tsarin 2013 ga kowa muddin mai 2016 yana cikinku, salon haruffa ɗaya ko biyu da kowa yake da su, tsarin folda ɗaya, da PDF tare da kowane turawa don mai karɓa ya san yadda zanen ya kamata ya fito. Kai kuma ka shiga OPTIONS, wajen Open and Save, ka sa 2013 ya zama tsarin adana fayilolin wannan aikin don kada mantuwa ta mayar da ku baya.

In ka bi waɗannan bai buɗe ba, ka dawo mana da haruffa shidan farkon fayil ɗin, girmansa bayan WBLOCK, ainihin saƙon da yake fitowa a allon kowannensu, da lambar da RAM ya kai kafin ya rufe. Ka kuma faɗa mana ko Civil 3D ya taɓa zanen. Allah ya ba da sa'a.